Ƙodar Inji: Yaushe Kuma Yaya Ake Canza Matacin Mai?

Gabatarwa

A watan Janairun bara na ɗauki ɗalibaina goma sha huɗu muka tafi Kazaure domin mu ɗebo ruwan madatsar garin, mu duba irin ƙananan halittun da ke zaune a cikinsa. Mun gama aikinmu lafiya wajen la'asar, muka kamo hanyar Kano. Ba mu yi nisa ba sai bas ɗin da muke ciki, wadda ke shan man dizal, wato wanda direbobi ke kira gas, ta fara fizga kamar jakin da kaya ya yi wa yawa. In direba ya sassauta ƙafa sai ta tafi sumul, in ya taka totur sai ta shaƙe. A haka muka yi ta lallaɓawa har ta mutu murus a gefen titi. Ga magariba ta kawo jiki, ga sanyin hunturu ya fara saukowa, ga kuma 'ya'yan mutane a hannuna.

Bakaniken da aka ɗauko mana a kan babur bai ɓata lokaci ba. Ya tambayi direba inda ya sha mai, direba ya ce da safe ya ƙara jarka biyu a bakin hanya. Sai ya kwance wani ɗan gwangwani a gefen inji, ya tuntsurar da shi a kan wani tsohon faranti. Abin da ya zubo ruwa ne jajaja, gauraye da laka da wani baƙin abu mai yauƙi. Ya ɗaura sabo, ya fitar da iskar da ta shiga bututu, mota ta tashi kamar ba ita ba. Da yake mai hali ba ya barin halinsa, kafin mu tashi na ɗauki kwalba guda cikin waɗanda suka yi saura na ɗebi wannan dauɗa. Washegari da na sa ɗigonta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na ga ɓarɓashin tsatsa, na ga tsabar yashi, sa'an nan na ga zarurrukan fumfuna sun sarƙe da juna. Ashe halittun da muka je nema a madatsa akwai 'yan'uwansu a cikin tankin motar da ta kai mu.

Wannan ɗan gwangwani shi ne matacin mai, wanda makanikai ke kira filta. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu fahimci aikinsa, da abin da ke toshe shi, da lokacin da ya kamata a canza shi, da kuma yadda ake canzawar ba tare da an jawo gobara ba. Batun ya shafi mai motar alfarma, ya shafi direban haya, ya shafi ɗan acaɓa, ya kuma shafi manomin rani wanda abincin shekararsa ya rataya a kan injin ban-ruwa.

Mene ne matacin mai?

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tace gasara ya san mataci. Ruwa da lallausan ƙullu su wuce, dusa ta tsaya a sama. Haka nan matacin mai yake, sai dai idanunsa sun fi na kowane mataci na ɗakin girki ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ana sa shi a kan hanyar da mai ke bi tsakanin tanki da inji. A cikinsa akwai wata takarda ta musamman da aka ninninke, kamar yadda tela ke yi wa tufa tattara. Hikimar ninkin ita ce a sami fili mai faɗi a cikin ɗan ƙaramin wuri, kuma ɗalibin ilimin halittu ya san wannan dabara tun daga bangon hanji da ƙananan jakunkunan huhu.

Ana auna idanun mataci da maikiron. Idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron ɗaya. Kaurin silin gashin mutum ya kai kamar maikiron 70. Abin da ya gaza maikiron 40 da wuya ido ya gan shi. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiron 7 zuwa 8 ne. To, matacin motar fetur ta zamani yana tare abin da ya kai kamar maikiron 10, na sababbin injinan dizal kuwa yakan tare na maikiron 5 ko ƙasa da haka. Wato ke nan yawancin dauɗar da mataci ke yaƙi da ita ido ba ya ganinta, don haka man da ya yi garau a kwalba yana iya zama da datti.

Na kira shi ƙodar inji domin kamannin aikinsu. A kowace ƙodar mutum akwai ƙananan matatai kimanin miliyan 1, waɗanda ake kira nefron, kuma wani likitan Ingila mai suna William Bowman ya bayyana tsarin bakinsu a 1842. Ƙodoji biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Amma akwai bambanci babba. Ƙoda tana zubar da abin da ta tace a kullum, shi ya sa take yi wa mutum aiki tsawon rayuwarsa. Matacin mai kuwa ba shi da mafitsara. Duk abin da ya tare a cikinsa yake zama, yau kaɗan gobe kaɗan, har idanunsa su toshe. Saboda haka tun ran da aka ɗaura shi kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Daga kafireto zuwa nozul

Dattawan direbobi sukan ce a zamanin Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba a damu da filta haka ba. Akwai gaskiya a maganarsu. Waɗancan motoci da kafireto suke aiki. Famfo yana turo mai a hankali, da ƙarfin da bai kai rabin bar ɗaya ba, kuma ƙofofin kafireto suna da ɗan faɗi. In sun toshe sai a kwance, a wanke, a mayar. Domin mai karatu ya gane ma'aunin bar, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ta ɗan haura bar 2.

Motocin yanzu da nozul suke aiki, wato wasu 'yan bututu masu ƙananan ƙofofi da ke fesa mai ya zama kamar hazo. Famfon lantarki yana tura man da ƙarfin bar 3 zuwa 4. A motocin gudu irin su Ferrari da Porsche, da ma ƙananan motoci da yawa na baya-bayan nan, ana fesa man kai tsaye cikin silinda da ƙarfin da ya kai bar 200 ko fiye. A sababbin injinan dizal ƙarfin yakan kai bar 2,000. A irin wannan matsi, tsabar yashin da ido ba ya gani tana goge ƙarfe kamar magagari, ta faɗaɗa ƙofar nozul ko ta toshe ta.

Haka kuma gwargwadon ƙarfin inji gwargwadon ƙishirwarsa. Daga 2014 zuwa 2025 dokar tseren motoci na Formula 1 ta ƙayyade cewa kada mota ta zuƙi mai fiye da kilo 100 a awa, wato sama da lita 130. Injin ban-ruwan da ake girkewa a bakin Kogin Gari kuwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake sha a awa. Duk da wannan tazara, ƙa'idar ɗaya ce. Injin fetur yana bukatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kowane kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Idan mataci ya toshe mai ya ragu, sai iska ta rinjaya, ƙarfi ya faɗi, inji ya ɗauki zafi. Mai motar gudu zai ji haka a lokacin da ya sake mata linzami, manomi kuma zai ga ruwa ya ragu a bakin tiyo.

Daga ina dauɗar take zuwa?

Hanya ta farko ita ce ƙura. Hazon da ke lulluɓe Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawa daga cikinsa yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi. Wannan kwari gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, kuma ƙasarsa cike take da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa masu ƙwaya ɗaya da ake kira dayatom, waɗanda ɓawonsu na sinadarin silika ne, dangin gilashi. Iska tana kwasar wannan ƙura har ta tsallake da ita Tekun Atilantika zuwa dajin Amazon. Tana kuma haɗawa da ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfe na yau da kullum tauri. Duk mazurarin da aka bari a ƙasa, da jarkar da ba ta da murfi, da tsumman da aka toshe bakin tanki da shi, ƙofa ce ga wannan ƙura.

Hanya ta biyu ita ce ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta dizal kamar giram 840, ta fetur kamar giram 740. Da yake ruwa ya fi nauyi kuma ba ya gauraya da mai, sai ya kwanta a gindin tanki, daidai inda famfo ke zuƙa. Yakan shiga ta tankin ƙarƙashin ƙasa da ya tsage, ko ta duron da aka bari a tsaye ruwan sama ya taru a kansa. Yakan kuma shiga ta iska. Da damina iska tana ɗauke da laima, kuma idan dare ya yi bangon tanki ya huce, sai laimar ta zama raɓa ta gangara ƙasa. Tankin da kullum yake kusan wayam ya fi tara raɓa, domin iska ce ta cika shi.

Hanya ta uku ɗiyar ta biyu ce, wato tsatsa. Inda ruwa da iska suka haɗu da ƙarfe, tsatsa ta samu. Tsohon duro da tankin babur ko na janareta da ya daɗe a ajiye suna zubar da ɓarɓashinta cikin mai.

Hanya ta huɗu ita ce ta fannina. Mutane da yawa suna zaton babu abin da zai rayu a cikin mai. Alhali kuwa mai abinci ne ga wasu halittu, domin asalinsa ma ragowar ƙananan halittun teku ne na zamanin da. Abin da suke nema kawai shi ne ruwa. A kan iyakar da ke tsakanin ruwan gindin tanki da man da ke samansa, nan suke kafa gari, suna shan ruwa a ƙasa suna cin mai a sama. Fitacciya a cikinsu ita ce fumfunar da masana ke kira Hormoconis resinae, wadda ta yi suna wajen toshe matatan jiragen sama da cin bangon tankunansu. Akwai kuma bakteriya irin su Pseudomonas, da wasu da ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sun fi son dizal da kananzir a kan fetur, kuma zafin ƙasarmu yana hanzarta yaɗuwarsu. Baƙin yauƙin da na gani a faranti ran nan gawarwakinsu ne da majinarsu.

Yanayin da muke ciki ya ƙara buɗe waɗannan hanyoyi. A Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakar ƙasa, abin da ya sa mutanen garuruwan bakin iyaka irin na ƙasar Babura suka dogara da man jarka. A ƙauyuka da yawa na Gwiwa da Roni kuma, tun can ɗan bumburutu ya fi gidan mai kusa. Bugu da ƙari, bayan janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai jama'a suka koma sayen mai kaɗan-kaɗan a kwalba. Ba ina cewa duk mai sayar da mai a galan maha'inci ne ba, da yawansu neman halali suke yi. Sai dai duk sa'ad da mai ya sauya mazubi, daga tanki zuwa duro, daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, ya sami sabuwar damar ɗaukar datti.

Abin da mataci ba ya iyawa

A watan Fabrairun 2022 motoci da yawa suka lalace a Legas da Abuja da wasu garuruwa, layukan mai suka dawo. Kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya bayyana cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda ke ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Me ya sa matatan waɗannan motoci ba su tare shi ba? Amsar tana cikin darasin kimiyya na ƙaramar sakandare. Idan ka zuba yashi a ruwa, mataci zai raba su, domin yashi yawo kawai yake yi a ciki. Idan ka zuba gishiri, ya narke, babu takardar da za ta tare shi. Metanol narkewa yake yi a cikin fetur. Yana jawo ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafa, kuma yana wuce mataci salin-alin. Haka nan kananzir ɗin da aka gauraya da fetur ko dizal. A nan ƙoda ta yi wa mataci fintinkau, domin ita tana iya zaɓen abin da ya narke a jini ta fitar da shi. Don haka sabon mataci ba ya maye gurbin sayen mai a wurin da aka amince da shi.

Yaushe za a canza?

Ma'auni na farko shi ne littafin da ya zo da abin hawa. Ga motocin da matacinsu ke waje, irin su Golf da ake haya da ita a hanyoyinmu, littattafai da yawa suna ba da tsakanin kilomita 30,000 zuwa 60,000. Amma an yi wannan lissafi ne da tunanin mai mai tsabta da hanya marar ƙura, saboda haka a wurinmu hikima ita ce a riƙi adadin ƙasa. Mu yi ɗan lissafi. Tsakanin Kazaure da Kano kimanin kilomita 80 ne. Direban da ke yin sawu biyu zuwa da dawowa yana cin kilomita 320 a rana, zai kuwa cika 30,000 cikin wata uku da 'yan kwanaki. Malamin makarantar da ba ya wuce gida zuwa aiki zai iya shekara biyu bai kai haka ba. A motoci da yawa na baya-bayan nan matacin yana cikin tanki, haɗe da famfo, kuma ba a cika taɓa shi ba sai ya nuna alama.

Ƙananan injina da awa ake yi musu lissafi. Littafin injinan Honda irin waɗanda ake ɗaura wa famfon ban-ruwa yana cewa a wanke ɗan kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai duk bayan awa 100 na aiki ko wata 6. Manomin da ke ban-ruwa awa shida a rana zai cika awa 100 kafin mako uku. Wanda ya san abin da kwana biyu babu ruwa ke yi wa tumatir mai fure a zafin watan Maris ba zai raina wannan ɗan aiki ba.

Ma'auni na biyu shi ne alamomi. Inji yakan yi wuyar tashi. Yakan yi sulo lafiya, amma ya shaƙe in an nemi ƙarfi, kamar wajen hawan tudu a tsakanin duwatsun Roni, ko in an yi lodi. Yakan mutu, in an huta kaɗan ya tashi, ya sake mutuwa, domin dauɗar tana sakin takarda idan matsi ya sauka, ta sake mannewa idan mai ya taso. Famfon cikin tanki kuma yakan riƙa kuka fiye da yadda aka saba. Wannan ya yi kama da mutumin da jijiyoyin zuciyarsa suka tsuke: in yana zaune lafiya lau, in ya hau bene sai ƙirji ya riƙe. Haɗarin kuwa a fili yake. Motar da ta shaƙe a daidai lokacin da direba ya fita wuce tirela a hanyar Kano zuwa Daura, ga wata tana tahowa, ta sa rayukan fasinjoji a tsaka mai wuya. Ko ba a kai ga haka ba, famfon da ke fama da toshasshen mataci yana ɗaukar zafi ya ƙone, kuɗinsa kuwa ya ninka na mataci sau da yawa.

Sai dai a lura, fulogi da ya mutu ko matacin iska da ya cika da ƙura suna iya kawo alamomi masu kama da waɗannan. Bakanike na ƙwarai yakan auna matsin mai kafin ya yanke hukunci. Haka kuma duk wanda ya tabbata ya sha gurɓataccen mai, ko ya sayi tsohuwar mota bai san tarihinta ba, ya canza mataci nan take.

Yaya ake canzawa?

Kafin komai a zaɓi wuri. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, bayan inji ya huce. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a ƙasarmu. Tururin ya fi iska nauyi, yana rarrafe a ƙasa har ya tarar da murhun mai shayi ko guntun taba. A tanadi bokitin yashi, da tsumma, da kwanon tarar mai, da sifana da filaya da sukundireba, da kuma mataci wanda lambarsa ta dace da injin. Matacin roba na babur ko na motar kafireto ba ya jure matsin motar nozul, fashewa zai yi. Araha ba ta ado.

A motar fetur mai nozul, mataki na farko shi ne sauke matsi, domin mai yana nan a matse cikin bututu ko bayan an kashe mota. A cire fis ɗin famfon mai, a tayar da inji, a bar shi har ya mutu da kansa. Sa'an nan a kashe makulli, a cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragewa, a buɗe murfin tanki iska ta fita. Idan sai an shiga ƙarƙashin mota, kada a dogara da jak kaɗai, a tokare ta da abu mai ƙarfi.

Daga nan a goge ƙurar da ke kewaye da bakin bututun, don kada a cusa datti a ɓangaren da ya riga ya wuce mataci. A duba kibiyar da ke jikin tsohon, a riƙe inda ta fuskanta. A rufa tsumma a kan mahaɗa, a sassauta a hankali, a bar ragowar mai ya zuba a kwano. A ɗaura sabon, kibiyarsa tana kallon inji. In akwai zobban tagulla ko na roba a mahaɗar, a sa sababbi, domin tsofaffin sun riga sun lotsa. A ɗaure daidai, ba da ƙarfin tsiya ba. A mayar da fis da wayar batir da murfin tanki. A murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, ba tare da an tayar ba, a jira daƙiƙa kaɗan, a kashe, a maimaita sau uku, domin famfo ya cika matacin. A duba ko akwai yoyo, a tayar, a sake dubawa. Ko ɗigo ɗaya aka gani a kashe a gyara.

Injin dizal yana da ƙarin aiki biyu. A gindin matacinsa sau da yawa akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya taru, kuma ya kamata a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci, musamman da damina. Bayan an canza kuma sai an fitar da iska daga bututu ta hanyar danna ɗan famfon hannu har kumfa ta daina fita. A babur da janareta da injin ban-ruwa abin ya fi sauƙi: a rufe makunnin mai, a kwance ɗan kofin ƙasa a wanke, a duba ragar bakin tanki, a canza ɗan matacin robar da ke kan tiyo in ya yi duhu.

Kada a yar da tsohon mataci sai an karanta shi, kamar yadda likita ke duba fitsari. A zazzage shi ta ɓangaren da mai ke shiga, a kan farin ƙyalle. Ja alamar tsatsa ce, gurzar yashi alamar ƙura ce, ɗigon da ya ware alamar ruwa ce, baƙin yauƙi kuma alamar halittu ce. In an ga tsatsa da yauƙi da yawa, to tankin ne ke bukatar wanki, in ba haka ba sabon matacin ma ba zai daɗe ba. A ƙarshe a rubuta ranar da kilomitar da aka canza.

Akwai ɗabi'u uku da ya kamata a bari. Na ɗaya, wanke matacin takarda a mayar: wankin yana yaga idanunsa, datti ya riƙa wucewa. Na biyu, huda shi da waya ko cire shi a haɗa tiyo kai tsaye, wanda tamkar korar mai gadi ne domin ya cika tsayar da baƙi. Na uku, kuma mafi muni, busa mataci ko zuƙo mai da baki. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Ɗan kaɗan kuma in ya kuɓuce ya shiga huhu yana ƙona ƙananan jakunkunan numfashi. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, domin aman ne ke kai man huhu. A garzaya da shi asibiti.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai duk wannan ba tare da an taɓa fetur ba. A sami kwalabe uku masu haske. A ta farko a zuba man gyaɗa da ruwa kaɗan, a girgiza, a ajiye, ɗalibai su ga wanda ya kwanta a ƙasa. A ta biyu a dama ruwa da ƙasa, a tace da takardar tacewa a cikin mazurari, ana auna daƙiƙoƙin da kowane kofi ke ɗauka kafin ya wuce. Za a ga kofi na biyar ya fi na farko jinkiri, wannan kuwa shi ne toshewar mataci. A ta uku a narka gishiri a ruwa mai tsabta, a tace, a shanya 'yan ɗigo a faranti cikin rana. Gishirin da zai bayyana shi ne bayanin abin da ya faru a 2022. Sa'an nan a tambayi ɗalibai: me zai canza idan aka ninninke takardar?

Kammalawa

Mun ga cewa mataci yana tare ƙura da tsatsa da yauƙin halittu, amma ba ya tare abin da ya narke, kuma ba ya wanke kansa. Mun ga cewa lokacin canza shi ya danganta ga nisan tafiya, da awannin aiki, da irin man da ake sha. Abin da ya rage shi ne rigakafi: a rufe jarka, a ɗaga mazurari daga ƙasa, a bar man duro ya kwanta kafin a ɗiba, kada a juye ragowar gindinsa a tanki, kuma kada a riƙa barin tanki wayam. Ina fata ɗalibin da ya karanta wannan zai koma gida ya duba ɗan kofin da ke ƙarƙashin injin mahaifinsa kafin a shiga noman rani na bana. Ita kuwa kwalbar nan tawa tana nan a ɗakin gwaje-gwaje, kuma da ita nake buɗe darasin fumfuna ga sababbin ɗalibai.